Kuben Sufeto Bahago

Jiya da la'asar na ji ɗaya daga cikinku yana gaya wa abokinsa wai kuben bindiga ai jaka ce kawai: a ninke fata, a ɗinke gefe, a maƙala a bel, shi ke nan. Ban tanka ba saboda ina alwala. Yau tunda an ɗauke wuta, kekunan ɗinkinku sun yi shiru, ku jawo benci ku matso.

Ni dai Isyaku, mutumin wani ƙauye ne a bayan Kumbotso. Na shigo dukanci bayan yaƙin basasa, ana gab da sauya fam da sule zuwa naira da kwabo. Kawuna ne ya kai ni wani ƙaramin kamfanin kayan fata a Bompai, na wani Alhaji ɗan kasuwa, inda ake yin bel da jakunkunan 'yan makaranta da takalma. A can kusurwar baya akwai teburi ɗaya da ba ruwansa da hayaniyar inji. Nan ne wurin Malam Datti, kuma nan aka ajiye ni.

Malam Datti baduku ne na gado daga cikin birni. Gajere ne, da tabarau wanda ya ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. A gidansu kuben takobi da na wuƙa ake yi tun kakanni, Alhaji kuma ya ɗauko shi ne don hafsoshin 'yan sanda da na kwastan da sojoji sun fara zuwa neman gidan ƙaramar bindiga wanda ya fi na gwamnati kyau da ƙwari. Malam bai taɓa yafe wa bindiga ba. Yakan ce takobin da kakansa ya yi wa kube shi ne dai takobin yau, tsawo ɗaya, faɗi ɗaya, amma ita wannan aba kullum sai ta sake kama kamar yayin atamfa.

Na daɗe a teburin nan ban taɓa fatar kirki ba. Aikina shafa wa zare kakin zuma, wasa wuƙar yanka har sai ta aske gashin hannu, da huda ramukan ɗinki a guntayen fatar da aka zubar. Kayan aikinmu ba su da yawa: wuƙa, basilla, madoshi, ƙaramar guduma, allura biyu, da wani ƙashin saniya da ya yi santsi saboda daɗewa a hannu. In na huda layi, Malam ya ɗaga shi sama ya leƙa ta hasken taga, in rami ɗaya ya kauce sai ya ce, "Isyaku, wannan layin naka ya sha wani abu ne?" Sai in sake.

Aikin farko da na sa hannu a ciki na wata tsohuwar libarba ce, ƙaramar bindigar hannu irin wadda Turawa suka bari. Wanda ya kawo ta shi ne Saje Ayuba, mai kula da ma'ajiyar makamai a barikin da ke kusa da mu, tsohon soja da ya koma ɗan sanda, mai gashin baki da son surutu. Doka ba ta yarda bindiga ta kwana a wurinmu ba, ba ta ma yarda ya kau da ido daga kanta ba. Sai ya zo da ita naɗe cikin tawul, ya buɗe ta a gaban kowa, ya nuna mana babu harsashi, sannan ya ɗora a teburi ya zauna yana gadinta kamar mai jiran gawa. Mu kuma mu kwantar da ita a kan kwali mu zana, mu auna kaurinta da zare. Bayan ya tafi Malam ya sassaƙa kwatankwacinta da katako. A kan wannan katakon ake aikin. Za a jiƙa kirgi, wato jemammiyar fatar saniya mai kauri, a lulluɓa shi a kai, a bi da ƙashin nan ana dannawa lungu-lungu har fatar ta ɗauki siffar, sannan a shanya a inuwa. Wanda ya shanya a rana, fatar ta ƙanƙance, bindiga ta ƙi shiga. Wanda ya jiƙa da yawa, ta saki, bindiga ta yi ta rawa a ciki kamar cokali a kofi.

Libarbar nan kuwa uwa ce. Nauyinta kamar taɓarya, ga ƙaton ciki a tsakiya, gangar nan mai juyawa da ke ɗaukar harsashi shida. Karya ta ake yi a tsakiya kamar an buɗe bakin kada, sai kwansayen harsasan su yi tsalle waje gaba ɗaya. A gindinta akwai zobe da ake ɗaura igiya a rataya a wuya, don kada ta faɗi in mutum na kan doki ko yana gudu. Kubenta kuwa sai da babban murfi wanda ke rufe ta ruf, har da maɓalli, ba ka ganin komai sai igiyar. Na ɗinka gefen da hannuna, allura biyu suna gicciye a kowane rami. Da Saje ya dawo ya zura ta, ta shige da wata 'yar ƙara, fuf, ya kifa kuben ƙasa ya girgiza, ba ta motsa ba. Malam bai yabe ni ba. Ya dai ce in je in sayo mana ƙosai, ya kuma ce in ci rabi.

Saje Ayuba ne makarantarmu a kan bindiga, ko mun so ko mun ƙi. Muna zane yana bayani.

"Malam Datti, ka san kakana da wace iri ya yi farauta? Doguwar bindigar toka. Ka ɗura albarushi ta baki, ka cusa tsumma, ka danna da sanda, ka yi addu'a. Harbi ɗaya ne. In ka samu, ka ci nama. In ka kuskure, ka nemi hanyar gida. In kuwa an yi yayyafi, to sanda ce kawai kake riƙe da ita."

"Ai da an bar ta haka, da mun huta," in ji Malam.

"Ina! Mutum ba ya hutawa. Aka ce ruwa na ɓata albarushi, sai wani ya zuba shi cikin kwanson tagulla ya toshe. Aka ce harbi ɗaya bai isa ba, sai wani ya yi gangar nan. Duk abin da ka gani a jikin bindiga, wani ne ya sha wuya ya dawo ya yi ƙorafi."

"Su ƙera a can, mu mu sha wahalar a nan."

Gaskiyar Malam kuwa. Ba mu gama sabawa da mai bakin kada ba sai ga wata libarba ta shigo wadda ba a karya ta, gangar ce ke faɗowa ta gefe. Ta fi sauƙi, hancinta ya fi gajarta. Saje ya ce wannan ta fi ƙwari don jikinta a haɗe yake. Mu dai abin da muka sani shi ne katakonmu ya tashi aiki, sai sabon sassaƙa. Akwai ma wata mai guntun hanci ƙwarai da 'yan sandan ciki ke sawa a ƙarƙashin riga. Wani daga cikinsu ya zo ya ce a yi masa kube wanda ba za a gane ba ko ya sa kaftani. Muka yi masa mai rataya a hammata. Bayan sati ya dawo yana tafiya hannu a buɗe kamar kaza ta ji zafi, fatar ta goge masa hammata ta yi ja. Tun daga ranar muka koyi yi wa na hammata shafi da fatar akuya mai laushi.

Ranar da Saje ya fara kawo fistol, na tuna, har masu yin takalma sun bar injinsu sun zo kallo. Ya warware tawul sai ga abu shafal, ba ciki, kamar burodin da aka zauna a kai.

Malam ya gyara tabarau. "Saje, ina gangar?"

"Babu."

"To harsashin a ina yake kwana?"

Saje ya danna wani ɗan maɓalli, sai ga wani dogon gida ya zamo daga cikin mariƙin ya faɗo tafin hannunsa. "A nan. Sun fi na libarba yawa. In ka harba, ita da kanta take tofar da kwanso ta ɗauko na gaba. In sun ƙare, ka zare wannan ka zura wani, kafin mai libarba ya gama lalube a aljihu."

Kuna ganin kamar shafaffen abu ya fi sauƙin ɗinkawa gida, ko? Haka ni ma na zata. Cikin libarba shi ne ke riƙe ta a kube. Fata ta kama gangar, ta zauna daram. Ita fistol ba ta da abin kamawa, sai ka matse ta daidai a wurin zoben da ke kare kunama, ba ƙari ba ragi. Ga ɗan saitin da ke kan hancinta, mai kaifi, yana kartar fata yana tara gari, sai mun bar masa hanya a ciki. Ga wani ɗan makulli a gefe wanda ke hana ta tashi. Saje ya kama kunnena a kan wannan, da gaske, da hannunsa. Ya ce in kube ya goga makullin nan ya buɗe shi mutum bai sani ba, to cinyar mai ita ce a gaba. Sannan kowane mai fistol yana son 'yar jaka ta biyu a bel don gidan harsashi na ko-ta-kwana. Aiki ɗaya ya koma biyu. Alhaji ne kaɗai ya yi murna.

A shekarun nan ne kamfanonin jima na Challawa suka bunƙasa, suna fitar da wata fata mai laushi da sheƙi wadda ake jemewa da sinadari. Malam Datti da kansa ya ƙyasa. Ya shafa ta a kumatu ya ce bai taɓa ganin fata mai ladabi irin wannan ba. Muka yi kube da ita da dama, suka yi kyau kamar a ci. Damina na tsakiya sai ga Saje fuska a murtuke, ya buɗe tawul, bindiga ta yi tabo-tabo na tsatsa kamar mai ƙyanda. Ashe sinadarin, in ya haɗu da laima da gumi, ƙarfe yake ci. Ga shi kuma ba ta riƙe siffa, kwana kaɗan ta langaɓe. Ita fatar ba ta da laifi, ta jaka ce da takalmi. Muka koma wurin majemanmu na gargajiya masu jima da bagaruwa. Wari dai sai ka toshe hanci kafin ka ƙarasa, amma kirginsu in ya bushe a kan katako, ko ka taka shi sai ya dawo yadda yake.

Kafin in manta, tunda na ga kuna da hoton irinta a waya: fistol mai jikin roba ɗin nan sai can daga baya muka fara ganinta. Wani hafsa da ya dawo kwas daga waje ne ya zo da ita. Lokacin Saje ya yi ritaya, amma yana zuwa hira. Ya ɗaga ta, ya ji ba nauyi, ya ƙwanƙwasa da farce, ya juya neman makullin gefe bai gani ba, ya nemi ɗan ƙarfen baya da ake ɗanawa, shi ma babu. Ya ajiye a hankali ya ce, "Yallaɓai, da girmanka, an sayar maka da ta wasan yara." Hafsan ya yi dariya har da hawaye, ya nuna masa makullin a jikin kunamar yake. Ita wannan dole kube ya rufe kunamar gaba ɗaya, da fata mai tauri, don ba abin da ke tsakaninta da tashi sai yatsa. Saje har ya rasu bai yarda da ita ba.

To bari in koma baya, in zo kan muguwar shekara.

Wani ɗan kwangila ya kawo wa Alhaji babbar oda ta kuben libarba, mai murfi, irin na da. Ba mu taɓa samun aiki mai yawa haka ba. Aka ƙara mana mutane, muka yi wata da watanni muna jiƙa fata muna ɗinki, har sito ya cika. Muna cikin shafa musu mai sai labari ya zo cewa waɗanda aka yi dominsu an sauya musu bindigogi, an ba su fistol. Ɗan kwangila ya ɓace kamar an ɗauke shi da iska. Daidai lokacin kuma aka shiga tsuke bakin aljihu. Kayan waje suka daina shigowa, ba zare mai kyau, ba maɓallan ƙarfe, ba kayan gyaran inji. A Bompai da Sharada da Challawa, kamfanin da jiniyarsa ke tashin unguwa da safe sai ka wayi gari ka ji shiru. Alhaji ya rufe ɓangarenmu. Mutumin kirki ne, ya kira mu ya ce, "Malam Datti, ba ni da abin da zan riƙe ku da shi. Ga teburinku, ga kayan aikinku, ga kuma tulin kuben can da ya cika mini sito. Ku kwashe, ko kallonsu ba na son yi."

Muka kama wata 'yar rumfar kwano a bakin titi a Sharada, ni da Malam, da buhunan kuben bindigar da aka daina yayinta. Kwanaki muna zaune muna kallon motoci. Malam ya ce ko mu farke su mu yi silifas.

Wani mai gyaran wutar lantarki ne ya cece mu, bai ma sani ba. Ya tsaya a rumfarmu don a ɗinke masa takalmi, yana jira yana wasa da kube ɗaya. Sai ya zaro filaya daga aljihun wandonsa, wadda ta riga ta huda aljihun, ya zura a ciki. Ta zauna cif. Cikin da muka yi wa ganga ya ɗauki tef ɗin naɗe waya, gefe kuma ya karɓi sukundireba. Ya maƙala a bel, ya miƙe, ya riƙe ƙugu kamar kaboyin sinima ya ce, "Baba, nawa?"

Kafin wata ya ƙare, duk wani mai gyaran wuta da bakanike da mai gyaran famfo a Sharada yana yawo da kubenmu a ƙugu. Masu gadi suka gano tocila na shiga. Wani mai shayi ma ya saya, ban san me yake sawa a ciki ba. Har aka tare ɗaya daga cikinsu a shingen bincike, aka ce ya ɗaga hannu, aka buɗe murfi a hankali ana ja da baya, sai ga filaya da guntun rake. Ya zo yana ba mu labari yana alfahari, ya ce tunda yake ba a taɓa jin tsoronsa ba sai ranar. Da wannan muka ci tuwo a shekarar.

Ana cikin haka wata Land Rover ta tsaya a gaban rumfar, wani dogon ɗan sanda ya sauko. Sufeto Lawan ke nan, wanda kowa ke kira Bahago don da hagu yake komai. Shi ke raka kuɗin albashi daga banki zuwa kamfanonin Challawa, a lokacin da 'yan fashi suka matsa wa hanya. Saje ne ya kwatanta masa inda muka koma. An ba shi sabuwar fistol, kuben da ya zo da ita kuwa na dama ne.

"Malam, na hagu nake so," in ji shi, "kuma ban son murfi."

Malam ya cire tabarau ya dube shi. "Yallaɓai, ba murfi? Ruwa fa? Ƙura fa?"

"Zan riƙa gogewa. Ina zaune a mota ne in abu zai faru. Kafin in ɓalle maɓalli, in ɗaga murfi, in laluba, an gama da ni."

"To in ba murfi ai duk wanda ya bi ta bayanka sai ya zare abarsa ya tafi. Ni ban iya ɗinka ɗaki ba ƙofa ba."

Sufeto ya ce shi ma abin da ke damunsa ke nan, don aikinsa cikin taro ne. Ya ce amma ya taɓa gani a ƙugun wani baƙon hafsa: ɗan siririn maɗauri ne ke bi ta bayan bindigar, maɓallinsa kuma ba a waje yake ba, yana ta ciki, tsakanin kube da jikin mutum. Mai ita in ya kama mariƙi, babban yatsansa na sauka daidai kan maɓallin, ya ture, ta fito. Wanda ya zo daga baya ko daga gefe ba ya ganin maɓallin, in ya ja sai dai maɗaurin ya ƙara ɗamewa. Ya zana mana a ƙasa da tsinke.

Malam ya ce wannan aikin yara ne, ya tura mini. Na yi na farko, harshen maɓallin ya yi laushi, yatsa ya tura sai ya lanƙwashe bai buɗe ba. Na ninka fatar, ya yi kauri yana tokare haƙarƙari. A ƙarshe na samo guntun tsohon zarton ƙarfe wurin wani bakanike, na goge haƙoran, na ɓoye shi tsakanin fata biyu na ɗinke. Maɓalli kuwa babu a kasuwa, sai na ciro daga cikin kuben libarbar da suka rage. Sufeto ya zo ya gwada da bindiga ba harsashi. Ya zare, ya mayar, ya zare, ya mayar. Sannan ya juya baya ya ce in ja da duk ƙarfina. Na ja har na ɗaga shi daga kan benci, ba ta fito ba. Malam na gefe yana ɗinkin takalmi, bai ɗago ba, ya ce, "Damina na zuwa."

Ba a kai ga damina ba. Wata babbar masaƙa a Challawa, wadda rabin samarin ƙauyenmu ke aiki a ciki, ta tsayar da injuna, ma'aikata suka yi makonni a gida. Cikinsu har da maƙwabcina Haladu, wanda muka taso tare, mutum mai sanyin hali da 'ya'ya ƙanana, ga mahaifiyarsa a kwance ba lafiya. Rannan aka aika musu su zo su karɓi kuɗin sallama.

Kashegarin ranar biyan da hantsi Land Rover ta tsaya a rumfarmu. Sufeto ya sauko, aljihun rigarsa a yage, ya kwance bel ya ajiye kuben a gaban Malam. Madaukin da ke riƙe shi a bel ya kusa rabuwa, ɗinkin ya buɗe, maɗaurin ya miƙe ya yi fari saboda ja. Amma maɓallin na nan a rufe.

"Yallaɓai, lafiya? 'Yan fashi ne?" in ji Malam.

"Ina ma su ne, da na san abin yi." Ya zauna ya karɓi ruwa. "Jiya mutane sun cika ƙofar masaƙa tun safe, rana ta dake su. Sai aka fito aka ce abin da ya samu ba zai kai ba, a karɓi wani abu, sauran sai wani lokaci. Malam, ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Suka yo kan teburin biya. Na shiga tsakani ina ba su haƙuri, an matse ni ko hannu ba na iya ɗagawa. Sai na ji an cafki bindigar ta baya. Ja ɗaya, ja biyu, har ƙafata ta bar ƙasa."

"Da harsashi a ciki?"

"A shirye take. Yarana kuma na bakin mota da dogayen bindigogi, idonsu ya yi ja, jira kawai suke su ji ƙara. Da ta fita ta tashi, ko sama aka harba, wallahi da yau ba ɗinki ake yi a garin nan ba, haƙar kabari ake yi."

"Shi mai jan fa?"

"Na kama yatsunsa na murɗe har na ji sun yi ƙara. Na juyo, muka haɗa ido. Ba ɗan iska ba ne, Malam. Magidanci ne, leɓensa ya bushe, shi kansa bai san me zai yi da ita ba in ta fito. In na kama shi, ka san inda maganar za ta ƙare a wannan zamanin. Sai na sake shi, taro ya haɗiye shi. Da aka tambaye ni na ce ban ga fuska ba."

Malam Datti ya ɗauki kuben ya juya shi, ya leƙa ta hasken ƙofa, ya danna maɓallin da babban yatsa, ya rufe, ya sake dannawa. Na miƙa hannu in karɓa in gyara, ya buge mini hannu. Shi da kansa ya zaɓi zare, ya shafa kaki, ya sake madaukin da layi biyu. Da Sufeto ya sa hannu a aljihu, Malam ya ce ya bar shi. Bayan motar ta tafi ya ce, "Isyaku, wurin wane bakanike ka samo zarton nan? Je ka ka kwaso duk abin da ya rage."

Ranar Juma'a na hau kekena na tafi gida. Bayan an sauko daga masallaci na tarar da Haladu zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidansu, hannunsa na dama a naɗe da tsumma da karare, aikin mai ɗori. Na tsaya muka gaisa.

"Haladu, me ya samu hannun?"

"Inji ne ya kama ni."

Injinan masaƙa kuwa sun yi makonni ba su motsa ba, duk ƙauyen an sani. Na ce, "Allah ya kiyaye gaba."

Ya ce amin. Na kama keke zan wuce sai ya kira ni.

"Isyaku, wai har yanzu ku ne ke ɗinka wa 'yan sanda gidan ƙaramar bindigar nan?"

"Mu ne."

Ya dubi hannun. Sannan ya ce, "Kuna ɗinki da ƙarfi."

Bai koma aikin kamfani ba. Noman rani ya kama a bakin kogin Challawa, tumatir da albasa, da su ya yi jinyar mahaifiyarsa, da su ya aurar da 'ya'yansa. Yana nan da ransa, ya tsufa kamar ni, yatsunsa biyu a karkace. In mun haɗu a wurin suna ko jana'iza, da wannan hannun yake miƙo mini gaisuwa.